Wai Kwamfuta Ce Ta Yi Shi?

A zangon da ya wuce, sa'ad da muke kan darasin hamada da 'yan SS 2, na ari majigin ofis na nuna musu ɗan guntu daga wani fim mai suna The Fall. Bai kai minti goma ba. Ga tudun yashi ja wur ya tokare sama, ga ƙasa a gindinsa fara fat, ga kuma baƙaƙen itatuwa matattu a tsaitsaye babu ko ganye ɗaya. Ajin ya yi tsit. Can sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ai wannan kwamfuta ce." Sauran suka kwashe da dariya, suka yarda da shi, kamar an sauke musu wani kaya.

To, ba kwamfuta ba ce. Sunan wurin Deadvlei, yana cikin hamadar Namib a ƙasar Namibiya. Dā akwai ruwa a wurin, yashi ya tare hanyar ruwan, itatuwan suka mutu tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce, amma don tsananin bushewa sun ƙi ruɓewa. Wanda yake da kuɗin mota da na jirgi zai iya zuwa ya tsaya a wurin da ƙafafunsa. Dariyar nan ta yaran ce ta dame ni, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara gabatar da fim ɗin, gama na san yawancin masu karatu ba su gan shi ba. Wani Ba'indiye ne mai suna Tarsem Singh ya shirya shi. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a 2006, ya shiga gidajen sinima na Amurka a 2008, aka kuma sabunta hotonsa aka sake fitar da shi a 2024. Tushen labarin daga wani fim ne na ƙasar Bulgeriya mai suna Yo Ho Ho na 1981. Tarsem ya yi kimanin shekara 4 yana ɗaukarsa a ƙasashe fiye da 20, yawancin kuɗin kuwa daga aljihunsa suka fito. Sana'arsa ita ce ɗaukar tallace-tallace, saboda haka in aikin talla ya kai shi wata ƙasa, sai ya kira 'yan wasansa su same shi a can.

Labarin ya faru a wani asibiti a birnin Los Anjelis, zamanin da fim bai fara magana ba. Roy saurayi ne mai yin tsalle-tsallen kasada a madadin manyan 'yan wasa. Ya faɗo daga gada, ƙafafunsa suka shanye, budurwarsa kuma ta bar shi ta bi babban ɗan wasan. Alexandria ƙaramar yarinya ce, 'yar baƙi masu aikin tsinkar lemu, ita ma ta faɗo daga itace ta karye a hannu. Roy ya shiga ba ta tatsuniyar waɗansu jarumai da suka yi rantsuwa za su kashe wani mugun gwamna. Abin da muke gani a majigi shi ne tatsuniyar yadda take a cikin kan yarinyar.

Da na kai fim ɗin ɗakin malamai, ra'ayi ya rabu. Wani abokin aikina ya kalla har ƙarshe ya ce ado ne kawai, riga ce mai aiki ba kowa a cikinta. Ba shi kaɗai ba ne. Haka masu sharhi da dama suka ce a 2006, har fim ɗin ya sha wuya kafin ya sami mai rarraba shi, bai kuma yi kasuwa ba. Amma Roger Ebert, sanannen mai sharhi na jaridar Chicago Sun-Times a wancan lokaci, ya ba shi taurari huɗu, iyakar abin da yake bayarwa ke nan. Ni ina bayan Ebert, ga kuma dalilina.

Wanda ya ce babu kome a bayan adon, bai lura da wanda yake yin adon ba. Roy ya ambaci wani jarumi ya kira shi "Indiya", yana nufin 'yan asalin Amurka masu zama a bukkar fata. Yarinyar ba ta san su ba. Ba'indiyen da ta sani shi ne mai rawani da gemu wanda suke aiki tare a gonar lemu, saboda haka shi muke gani, a cikin fadodin ƙasar Indiya. Mai kawo ƙanƙara asibiti ya zama jarumi, nas ɗin da take ƙauna ta zama gimbiya, ma'aikacin ɗakin hoton ƙashi kuwa, wanda kayan aikinsa suke ba ta tsoro, shi ne siffar sojojin gwamna. Kowane malami ya san wannan abu. Kana faɗin magana ɗaya a gaban allo, yara arba'in suna ganin hotuna arba'in, kowa da abin da ya taho da shi daga gida. Ban taɓa ganin fim da ya nuna wannan sarai kamar The Fall ba.

Yanzu ga zancen wuraren. Rijiyar nan mai matakala bisa matakala, inda sojoji baƙaƙe suke gangarowa kamar tururuwa, ita ce Chand Baori a jihar Rajastan. Tana da hawa 13 da matakala wajen 3,500, an kuma gina ta fiye da shekara 1,000 da suka wuce domin mutanen busasshiyar ƙasa su kai ga ruwa kome janyewarsa da rani. Birnin da gidajensa suke shuɗi shi ne Jodhpur. Ginin nan mai matakalar da ba ta kai ko'ina, inda aka kulle matar Ba'indiyen, Jantar Mantar ne a Jaifur, wurin auna tafiyar rana da taurari wanda wani sarki ya gina a ƙarni na 18. Giwar da take iyo a teku ma giwa ce ta gaske. Asibitin kansa a Kef Tawun yake, a Afirka ta Kudu.

Tarsem ya ce ya ƙi zana wuraren da kwamfuta ne domin irin wannan hoto yakan tsufa da wuri. Ya yi gaskiya, amma ni abin da ya fi mini muhimmanci dabam ne. Yaran da muke koyarwa sun ga hotunan ƙarya da yawa a waya, har sun yanke shawara cewa duk abin da ya cika kyau ƙarya ne. Suna ganin wayo ne. A gaskiya hasara ce, gama wanda ya ce "kwamfuta ce" ya rufe magana. Ba zai tambayi wa ya gina rijiyar ba, ko me ya sa itacen bai ruɓe ba. Na tabbata da za a ɗauki hoton duwatsun Riyom, waɗanda suke ɗore bisa juna kamar an jera su da hannu, a nuna wa yaro a wata ƙasa, shi ma haka zai ce. Mu kuwa muna wuce su a mota muna barci.

Ba zan ɓoye muku abin da yake da nauyi ba. Roy ba don alheri yake ba da tatsuniyar ba. Ya fid da zuciya ga rayuwa, yana so yarinyar ta sato masa magani ya kashe kansa, shi ya sa yakan katse labarin a daidai wurin daɗi, ya ce sai ta yi masa aike. Garin aiken nan ta sake faɗuwa ta fasa kai. Akwai kuma wurin da ta ɗauko gurasar Jibin Ubangiji daga ɗakin sujada ta ba shi ya ci, a zatonta abinci ne kawai. Wata malama a cikinmu ta ce wannan reni ne. Na fahimce ta, amma ban ga reni ba. Na ga yarinya da ba ta san kome ba ta miƙa wa mai neman mutuwa abin da ya fi bukata, shi kuwa ya tambaye ta, rabi wasa rabi gaske, ko ransa take so ta ceta. Duk da haka, ba fim ba ne na 'yan ƙananan aji. Akwai zub da jini, akwai kuma zancen kisan kai. Ko ga manya ma, gara a kalla tare da malami ko iyaye.

Wurin da ya fi taɓa ni yana kusa da ƙarshe. Roy yana zaune kusa da gadon yarinyar, kunya da baƙin ciki sun cika shi, sai ya shiga kashe jaruman ɗaya bayan ɗaya. Tana kuka tana roƙonsa ya bari. Ya ce labarinsa ne, ta ce nata ne ita ma. Catinca Untaru, 'yar ƙasar Romaniya da ta fito a Alexandria, ba ta wuce shekara 7 ba a lokacin, Turancinta ma kaɗan ne. An bar ta ta ɗauka cewa Lee Pace, wanda ya fito a Roy, gurgu ne da gaske, yawancin ma'aikatan ma haka suka zata. Ina da ja a kan yi wa yarinya haka. Amma sakamakonsa a fili yake, gama ba ta yi kama da mai wasa ba ko kaɗan. A nan ne abokina mai zancen riga ba kowa a ciki ya yi shiru, ko da yake har yau bai janye maganarsa ba.

Yaron nan na bayan aji kuwa, na ba shi aikin gida ya nemo Namibiya a littafin taswira na laburare. Ya dawo ranar Litinin da sunan hamadar da na tekun da take bakinsa. Ya kuma zo da tambayar da ban shirya mata ba, wai yaya aka yi hamada take gab da teku amma ruwan sama ba ya sauka a kanta. Da ita muka yi darasin ranar gaba ɗaya.