Daga Ɗakin Tacewa: Kafin ka narka kuɗin ka a na'ura

Wani matashi mai bibiyar wannan fili ya tare ni a Titin Gidan Zoo, wai ya samu kuɗin gado, zai buɗe sutudiyon tace finafinai. Tambayar sa ɗaya: Premiere ko Final Cut?

Na ce ɗan'uwa, fara tambayar editan da za ka ɗauka, domin shi zai kwana a kai. Editocin da na sani a Kano galibi Premiere su ka ƙware a kai. Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin haya, kullum ka na biya. Final Cut sau ɗaya za ka biya, wajen dala 300, amma sai da kwamfutar Apple. Ita DaVinci Resolve akwai ta kyauta, halak malak, ga iya gyaran kala, illa dai ta na son kwamfuta mai ƙarfi.

Amma wallahi ba nan gizo ke saƙar ba. Ware kuɗin sola ko inbata tukuna, sannan duk aikin da aka kawo maka ka adana shi a hadis biyu.

Wani aboki na ya ƙarar da jarin sa kaf a kan kwamfuta. Ana tsakiyar aiki wuta ta yi rawa, hadis ɗin sa ƙwaya ɗaya tal ya ƙone da fim ɗin mutane. Furodusa ya ce to a sake ɗauka. Ina! Jarumar ta riga ta yi aure.