Ba Duka Kanwar Ja Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan bokon ƙasar nan, har cikin ɗakin malamai na kwaleji da lise: wai Kirista Kirista ne, duk kanwar ja ce. Mai faɗinta yakan faɗe ta da alfahari, sai ka ce rashin sanin nan shaida ce ta ƙarfin imaninsa. Mutumin da zai kwana yana rarrabe Ƙadiriyya da Tijaniyya, ya ware Izala gefe, ya feɗe saɓanin ƙabalu da sadalu har wutsiya, shi ne in an tambaye shi bambancin fada da fasto sai ya taɓe baki. Lalaci ne kawai aka yi wa rawani. Lalacin malami kuwa ba ya tsayawa a kansa, duk shekara sai ya raba shi ga aji guda.

Kalmar Katolika daga Girkanci ta fito, ma'anarta gama-gari, abin da ya haɗa kowa. Ɗan Katolika ya yi imani cewa ikilisiya guda ce, bayyananniya, mai shugabanci da ya taho hannu da hannu daga Hawariyawa zuwa bishop-bishop na yau, kuma bishop na Roma, wato Paparoma, shi ne magajin Bitrus. Wanda ya san darajar silsila a wurin ƴan ɗariƙa ba zai sha wuyar gane wannan ba. A wurinsa Littafi Mai Tsarki ba ya tafiya shi kaɗai, yana tare da abin da ikilisiya ta gada ta kuma fassara. Yana da ibadodi bakwai da ake kira sakramenti: baftisma, tabbatarwa, jibin Ubangiji, furta zunubi gaban fada, shafa wa majinyaci mai, naɗin firist, da aure. Ya yarda cewa gurasa da ruwan inabin da aka keɓe sun zama jiki da jinin Almasihu da gaske. Yana girmama Maryamu da waliyyai, yana roƙon su yi masa addu'a, yana kuma cewa girmamawa daban, bauta daban. Fadansa, a ɓangaren Latin, ba ya aure. Ko batun rashin kuskuren Paparoma, wanda aka tabbatar a 1870 kuma ake yawan yi wa ba'a, iyakarsa hukuncin aƙida da ɗabi'a da ya yanke daga kujerar mulkinsa, bai shafi hirarsa ta yau da kullum ba.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, Furotesta ya yi jayayya da shi. A 1517 Martin Luther, ɗan zuhudu a Jamus, ya fito da hujjoji 95 yana sukar sayar da takardun sassaucin azabar zunubi. Daga nan reshe ya tsage: Littafi kaɗai ne hujja, bangaskiya kaɗai ke kuɓutarwa, babu Paparoma, sakramenti biyu suka rage, fasto ya yi aure ya haifi ƴaƴa. Har littafin ma bai zama ɗaya ba, domin na Katolika ya ƙunshi littattafai 73, na Furotesta 66. Ingila ta ɓalle a 1534 ƙarƙashin Sarki Henri na Takwas. Ƴan Fentikos masu warkarwa da magana da harsuna, waɗanda amsa-kuwwarsu ke cika wasu unguwanni ran Lahadi, ƴan jiya ne: farkawarsu ta shahara ne a Los Angeles a 1906. Tun kafin duk wannan, Roma da Kustantiniya sun raba gari a 1054, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa sun kama hanyarsu bayan taron Kalsidon na 451. Najashin da ya karɓi masu hijirar farko bai taɓa zama ƙarƙashin Paparoma ba. Kuma wannan saɓani ba na fatar baki ba ne, an zubar da jini a kansa: kisan daren Saint-Barthélemy a Faris a 1572, da yaƙin shekara talatin daga 1618 zuwa 1648.

Wani zai ce wannan tarihin Turawa ne, ina ruwan Bamaraɗe? Ruwansa kuwa har wuya. Mishan da ya fara kafa ƙafa a ƙasar Hausa ta Nijar ba na Katolika ba ne. SIM ce, ƙungiyar Furotesta ta masu jin Ingilishi, ta sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma daga aikinta ne ikilisiyar EERN ta fito. Katolika ta fara a Yamai a 1931, da fadoji Faransawa. Maraɗi ba ta sami kujerar bishop ba sai 2001, inda Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, ya zama na farko. Laurent Lompo, ɗan ƙasa na farko da ya kai wannan matsayi, an naɗa shi a 2013. Matar da ta haihu a Galmi da yaron da ya yi karatu a lakwal ɗin mishan ta Katolika, hannuwa biyu daban suka taɓa su, masu aƙida daban da asusu daban. Bahaushe ya dunƙule su ya ce ƴan mishan.

Ranar 16 da 17 ga Janairun 2015 an ga inda dunƙulewar take kaiwa. Saboda zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, na Katolika da na Furotesta ba bambanci, mutum goma suka rasa rayukansu. Jaridar nan ba ta wata ikilisiya ba ce. Ta shekara da shekaru tana yi wa Paparoma da fadoji izgili, a ƙasar da ta raba gwamnati da addini tun 1905. Kwana guda kafin wutar Damagaram, Paparoma Faransis ya faɗa wa ƴan jarida cewa bai halatta a ci mutuncin addinin wasu ba. Tun 1965 ma taron Vatikan na biyu ya fitar da takarda mai cewa ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. Kada a juya magana: ko da babu ɗaya daga cikin wannan, ƙona ɗakin ibadar kowa ta'asa ce, kuma fasto bai fi fada cancantar wuta ba. Amma matasan da suka ɗauki ashana sun tafi da lissafi guda, cewa Faransa da jaridar da cocin unguwarsu abu ɗaya ne, kuma da yawansu sun zauna kan bencin lakwal ba wanda ya warware musu shi.

Saura hujjar da aka fi fakewa da ita, wai koyar da wannan tallar addinin wasu ne. Masu faɗin haka ba su san magabatansu ba. Shahrastani, a ƙarni na 12, ya zauna ya rarrabe Malkaniyya da Nasɗuriyya da Yaƙubiyya a littafinsa kan addinai da ƙungiyoyi, kowace da abin da ta ce game da Annabi Isa. Ibn Hazm na Andalus ya riga shi, da zafin alƙalami. Ba wanda ya ce sun yi ridda saboda wannan aiki. Wasu masu wa'azin Kirista ma ba su kuɓuta daga wannan cuta ba: akwai faston da ke kiran Katolika masu bautar gumaka bai taɓa buɗe littafin koyarwarsu ba.

Malamin Faransanci kuwa ya fi kowa rashin uzuri. Yana sa ɗalibai su haddace sunan Voltaire a matsayin mai kiran haƙuri da juna, amma bai iya gaya musu abin da ya tayar da shi ba: Jean Calas, ɗan kasuwa Furotesta a Tuluz, wanda aka kashe a 1762 bisa zargin ya halaka ɗansa don kada ya koma Katolika. Voltaire ya bi shari'ar har aka wanke sunan mamacin a 1765. Ɗalibin da aka koya wa cewa duk kanwar ja ce, in ya iso wannan shafi, ba zai ma gane wa ya kashe wa ba.