Haƙƙin Mai Bin Bashi Da Haƙƙin Tukunyar Gida

 

Tun bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Birnin Gwari cikin watan Nuwamba na 2024, aka sake buɗe kasuwar kara, hanya ta ɗan lafa, manoma da dama suka koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Sai dai mutane sun koma da kaya a wuya. A Randagi da Kuyello da Dogon Dawa, da wuya a sami zuri'ar da ba ta da wani da ake bi bashi: wani na kuɗin fansa ne, wani na harajin da aka ƙaƙaba wa manoma kafin a bar su su yi girbi, wani na taki da maganin feshi, wani kuma na hayar ɗakin da ya zauna a cikin gari lokacin gudun hijira. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasarmu maganar ta wuce karin magana, ta zama bayanin halin da ake ciki.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda muke ganin mutanen kirki suna biyan wannan bashi. Mai tsoron Allah, da zarar ya ƙudurta sauke nauyi, wurin da yake fara yankewa shi ne tukunya. Wake ya fita daga gidan, man gyada ya ragu zuwa ɗigo, ƙwan da kaji suka saka ya tafi kasuwa, miya ta koma ruwan kuka da dunƙulen ɗanɗano. Idan yana shan maganin hawan jini, sai ya daina saye, ya ce sai ya gama da mutane. Yana yin haka da kyakkyawar niyya, domin ya ji mu a kan mumbari muna tsoratarwa game da bashi.

Tsoratarwar gaskiya ce, ba mu janye ko harafi daga cikinta ba. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mutum da ake bi dinari 3, bai bar abin biya ba, sai ya umarci sahabbai su sallace shi, shi kuwa bai yi ba, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. A Sahihu Muslim kuma ya zo cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Wanda duk ya raina wannan al'amari ya raina abin da Allah Ya girmama.

To amma shari'ar da ta tsananta a kan biya, ita ce kuma ta shata iyakar abin da mai bin bashi zai iya taɓawa. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi babi guda a kan wanda bashi ya cinye dukiyarsa, alƙali ya hana shi tasarrufi, ya raba abin hannunsa ga masu binsa. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, an bayyana cewa ko a wannan matsanancin hali ana bar wa mutum abincinsa da ciyarwar waɗanda ciyar da su ta wajaba a kansa, zuwa lokacin da ake kyautata zaton zai sami wani abin hannu, ana kuma bar musu tufafin da suka saba. Abin lura shi ne, alƙali da kansa, da duk ikon da yake da shi, bai isa ya kwashe hatsin da yara za su ci ya miƙa wa mai bin bashi ba. Yaya mutum zai yi wa iyalinsa abin da shari'a ta hana alƙali ya yi musu? Ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne kamar yadda biyan bashi yake wajibi, kuma wajibi ɗaya ba ya shafe ɗan'uwansa. Manzon Allah da kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa.

Akwai kuma lissafin duniya tsantsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jarin manomi da leburan kasuwa da ɗan acaɓa jikinsa ne, da shi zai nemo abin da zai biya. Wanda ya bar maganin hawan jini wata shida don ya rage bashi, ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, tsohon bashin yana nan, ga na asibiti ya hau kansa, ga mai nemowa ya kwanta. A fahimtarmu, maganin da ke riƙe da mutum a tsaye yana cikin larurar da ake gabatarwa. Yaro kuwa da tamowa ta kama shi kafin ya cika shekara biyu, tsumburewar da zai yi a jiki da ƙwaƙwalwa ba ta cika gyaruwa daga baya ba, ko da an biya kowa an huta. Mai ciki da mai shayarwa su ne suka fi cutuwa da irin wannan tsimi, su ne kuma ba sa yin ƙorafi.

Wani zai ce abinci mai gina jiki na masu kuɗi ne, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo. Wannan zato ya samo asali ne daga hotunan da muke gani a waya, na tuffa da inabi da madarar gwangwani. Abin da likitoci suke nema yana bayan ɗakunanmu. Hatsi idan ya haɗu da wake ko waken soya ko gyaɗa, kowanne yana cike gurbin da ɗayan ya bari wajen gina jiki, shi ya sa tuwon dawa da miyar wake, ko dambu da zogale da ƙuliƙuli, suka fi farar shinkafa da taliya da ake ganin su ne cin gayu. Awara da ake yi da waken soya tana maye gurbin nama a ranar da babu shi. Rama da yakuwa da lalo da tafasa da kabewa da kuɓewa, damina tana ba da su kusan kyauta, kakanninmu kuma sun san yadda ake shanya su a inuwa a ajiye wa rani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci abin da ya kai giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, kada kuma gishirinsa ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen ɗanɗanon da ake zuba huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, kusan rabinsa gishiri ne, ga kuɗi yana ci kullum, alhali daddawa tana nan. Robar lemon kwalba ta rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya haura cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da hukumar ta yarda babba ya sha a yini guda. Wanda ake bi bashi kuma yana shan roba ɗaya kowace rana, ya lissafa kuɗinta a wata, ya ga mudu nawa na wake ke ciki.

A nan ne muka iso ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ɗaci a faɗa. Rangwamen da shari'a ta yi na abinci ne da larura. Abin da ya haura haka haƙƙin mai bin bashi ne, kuma ya inganta a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mai halin biya zalunci ne. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa labarin wani mutumin Juhaina, Usaifi'u, wanda yake sayen raƙuma masu tsada da bashi don kawai a ce ya riga sauran alhazai isowa. Da ya karye, Sayyidina Umar ya yi shela ga jama'a, ya sa aka raba abin da ya rage masa ga masu binsa. Raƙuman Usaifi'u suna nan a zamaninmu da wasu sunaye: ankon biki, ragon suna da aka ciwo bashi don kada a raina, sabuwar waya, kuɗin data da ke ƙarewa a kallon abin da ba ya amfani. Har da sunan lafiya ake yin wannan. Matashi ma'aikaci a Kaduna yana biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki, yana sayen garin ƙara tsoka na gwangwani, mai shagon unguwa kuma yana binsa kuɗin watanni uku. Magidanci yana ba da dubbai ga mai tallan maganin ƙarfi da lasifika ranar kasuwa, kwalba ba suna ba lambar NAFDAC, ƙodarsa ce za ta biya. Duk wannan kuɗin wani ne ake kashewa. Mafi muni shi ne wanda ya ciwo bashin ruwa a manhajar waya don ya toshe wani bashin, ya haɗa riba da tozarcin da waɗannan kamfanoni suka yi suna da shi, na aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum.

Motsa jiki kuwa ba ya bukatar ko kwabo. Manomin da ke bayan garma ba shi muke nufi ba, shi hutu da abinci yake bukata. Muna nufin ɗan kasuwar da ke wuni a zaune, da malamin makaranta, da mu limamai da ake ɗauka a kan babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar masallaci, da dattawan da shekarun tsoro suka tsare su a cikin gari har ƙafa ta manta hanya. Mizanin likitoci minti 150 ne a mako na tafiya mai ɗan sauri. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Manzon Allah, ya umarce su da su zauna a unguwarsu domin ana rubuta musu takunsu. Wanda ya ajiye babur ya taka zuwa salla ya sami lada, ya rage kuɗin mai. Sai dai sunna ita ce a tafi salla cikin natsuwa, don haka saurin a bar shi ga dawowa, a ɗan zagayo ta hanya mai nisa. Matan gida kuma, da injin niƙa ya ɗauke musu daka da niƙa, su ma jikinsu yana da haƙƙi, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu. Mijin da yake ganin zagayen tsakar gida ko takawa zuwa Islamiyya zubar da girma ne, ya sake duba inda ya samo wannan girman.

Yadda muke ganin ya dace a tsara abin, ga manomi, da buhu ake lissafi, ranar da aka gama sussuka. A ce Allah Ya ba mutum buhu 30 na masara. Zakka ce farko, buhu 3, domin noman ruwan sama ɗaya bisa goma ne idan ya kai nisabi, wato wusƙi 5, kimanin kilo 650. Da yawa suna zaton bashi yana ɗauke musu ita. A mazhabar Malik, kamar yadda yake a Risala, bashi yana iya sauke zakkar kuɗi, amma ba ya sauke ta hatsi da ta dabbobi. Bayan zakka sai a ware abincin gida, a haɗa da wake da gyaɗa, a tabbatar sun bushe sarai kafin a adana, domin masara da gyaɗar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Abin da ya saura sai a tafi da shi wurin masu bin bashi, kafin a fara zancen ƙarin aure ko sabon babur, a zauna a rubuta abin da aka biya da abin da ya rage da lokacin da za a cika. Wanda ya kwashe rumbu gaba ɗaya ya sayar da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, a mafi yawan shekaru shi ne zai dawo tsakiyar damina yana karɓar mudu da tsada a kan sabon bashi. Mai albashi ma haka, ranar da kuɗi ya shigo ya fara auno hatsi da wake da maganin wata, ya miƙa kason bashi a ranar, sauran bukatu su yi layi a kan abin da ya rage.

Saura masu bin bashi da mu da ke riƙe da masallatai. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Mutumin da ya ci bashi ya fanso ɗansa daga daji bai yi almubazzaranci ba, kuma wanda ya ba shi rancen ya yi babban aiki, kada ya ɓata shi da tsayuwa a bakin rumbu. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutum takwas da ake ba zakka, amma a garuruwanmu wannan kaso kusan an manta da shi, ana rarraba zakka tiya-tiya ga duk wanda ya zo ƙofa, ba ta fitar da kowa daga komai. Muna kira ga kwamitin kowane masallacin Juma'a a masarautar Birnin Gwari da ya buɗe littafi a asirce kafin kaka mai zuwa, ya rubuta gidajen da ke ɗauke da bashin fansa da na asibiti, ya tara wani kaso na zakkar hatsin bana, ya kira masu bin bashin ya nemi su sassauta, sannan ya biya na gida biyu ko uku gaba ɗaya, a yaga takardar a gaban shaidu.