Wasiƙa ga Marubuta Labarin Tafiya: Ɗalibin Azhar a Hanyar Iskandariyya

Zuwa ga 'yan'uwa masu rubuta labarin tafiya da Hausa, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Masar.

 

A Masar hutun mako Juma'a ne da Asabar. Shi ya sa da yammacin Alhamis ba a rasa ɗaliban Azhar 'yan Kano ko Damagaram ko Maiduguri a tashar Ramsis ta Alƙahira, suna jiran jirgin ƙasan Iskandariyya. Tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai, awa biyu da rabi zuwa uku idan an dace da jirgi mai sauri. Ranar Lahadi an koma aji, Litinin labari ya fito: hoto a bakin teku, hoto da farantin kifi, sai layi uku na yabon Masar. Mai karatu ya yaba, amma ya tashi bai ƙaru da komai ba.

Rubutun tafiya ba baƙo ba ne a Hausa. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano kuma ya bar Motsi Ya Fi Zama. Dukansu sun yi rubutu ne domin wanda bai je ba. Mai karanta labarin ɗalibin Azhar ma haka yake: ƙani ne a Funtuwa da ke haɗa takardun neman gurbi, ko uba da ke lissafin abin da zai sayar ya biya kuɗin jirgi. Bayani waɗannan suke nema.

Bayanin kuwa tun daga jirgin yake farawa. Layin dogon da ya haɗa biranen biyu an kammala shi a 1856, shi ne na farko a nahiyar Afirka. Marubuci ya faɗi aji na nawa ya shiga, nawa ya biya, a wane wata, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ya faɗi ko a Sidi Jabir ya sauka ko ya wuce tashar tsakiyar gari. A wuraren tarihi kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, mai katin ɗalibta kuma ana yi masa ragi. Wannan jimla ɗaya ta fi hoto goma amfani ga wanda zai bar katinsa a ɗaki.

Kusan kowa yakan tsaya a ganuwar Ƙaitbai, amma kaɗan ne ke faɗin cewa Sarki Ƙaitbai ya fara gina ta a 1477 a kan kufan tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda girgizar ƙasa ta rusa. Haka babban ɗakin karatun birnin, wanda aka buɗe a 2002: rufinsa kamar faifai a karkace yana fuskantar teku, bangon dutsensa an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen al'ummu daban-daban, zaurensa na ɗaukar masu karatu kimanin 2,000. Ɗalibin ilimi da ya shiga nan ya kamata ya fito da abin da ya wuce "wurin ya haɗu". Wane littafi ya nema? Ya same shi? Wace rana, ƙarfe nawa ya tarar da ƙofa a buɗe?

Inda labarin ya fi taɓa Bahaushe shi ne unguwar Anfushi. A nan masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, ɗan Andalus, almajirin Shazali. Daf da shi akwai masallacin da ake danganta kabarin Imam Busiri da shi, mai Burda da Hamziyya, baitocin da ake rerawa a zaurukan malamai da wuraren Mauludi daga Sakkwato har Kumasi. Ɗalibin da ya tashi yana jin su a bakin kakarsa, yau ga shi tsaye a wurin. Ko yana cikin masu ziyarar irin waɗannan wurare ko yana cikin masu sukar ta, aikinsa na marubuci ɗaya ne: ya bayyana abin da idonsa ya gani, su wane ne a wurin, me suke yi. Hukunci kuma ya bar wa malaman fatawa.

Idan a Janairu aka je, kada a manta da ruwan sama. Lokacin da hazon hunturu ya rufe Kano, Iskandariyya tana shan ruwa da iskar teku mai ratsa ƙashi. Wanda ya karanta haka zai san ya ɗauki rigar sanyi.

Sai dai kwana biyun hutun nan ba su da ma'ana idan an ɓoye kwana biyar ɗin da suka gabace su. Yawancin labaran suna yin shiru a kan karatun kansa, alhali shi ya kai ɗalibin Masar. Akwai jarrabawar tantance matakin Larabci da ake yi wa sabon zuwa. Akwai ranar farko a aji, inda wanda ya haddace Ajurrumiyya da Alfiyya yake zaune yana zare ido, saboda malami ya zame daga fusha ya koma Larabcin gida, mai mayar da jimun zuwa "g". Akwai jarrabawar haddar Alƙur'ani, da fargabar ko sakamako zai fito jayyid jiddan ko maƙbul. Akwai layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da rayuwar masaukin Bu'us a Abbasiyya, da darussan zaure a masallacin Azhar, da shagunan littattafai na bayan masallacin inda kuɗin abinci kan tafi. Idan an faɗi waɗannan, mai karatu zai gane dalilin da ya sa ɗalibi ke marmarin iskar teku ranar Alhamis.

Yana da kyau marubuci ya san ba shi ya fara wannan hanya ba. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe kuɗinsu a kan makarantar Ibn Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira, inda 'yan ƙasarsu ke sauka, daga baya kuma Azhar ta ware wa Barebari masauki na kansu.

Akwai kuma abin kiyayewa. Ɗaukar hoton wuraren soja da 'yan sanda a Masar laifi ne da kan jawo tsarewa. Kada a ɗauki fuskar mai sayar da kifi ko matar da ke addu'a ba da izininsu ba. Kada a ambaci sunan abokin da ya faɗi jarrabawa ko wanda iƙamarsa ta ƙare, ko da cikin raha ne. Idan direban tasi ɗaya ya yi cuta, a ce direba ɗaya ya yi cuta, kada a ɗora wa Misirawa gaba ɗaya.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda zai shiga jirgin Iskandariyya a wannan zangon ya sa ƙaramin littafi da biro a aljihu, ya rubuta farashi da lokaci da sunan wuri tun yana can, ya kuma ba makon karatunsa rabin shafin. Akwai ƙanne a gida da za su tsara tafiyarsu da abin da kuka rubuta.