Me ya sa ruwan sha ke wuya a birnin Zariya?

A Ƙofar Galadima, kamar sauran unguwannin da ke cikin ganuwar Zariya, watannin Maris da Afrilu su ne lokacin da ruwan rijiyoyi ke ja da baya, har guga ya riƙa fitowa da laka. A lokacin ne kasuwar 'yan ga-ruwa ke buɗewa, magidanci ya ware kuɗin jarkoki kamar yadda yake ware na cefane.

Abin mamaki shi ne Zariya ba ta cikin hamada. Tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, ga kogin Galma da na Kubanni suna ratsa yankinta.

Ƙaranci iri biyu

Ruwa ne ya mamaye akasarin doron duniya, to amma kashi biyu da rabi cikin ɗari ne kawai ba na gishiri ba, kuma mafi yawansa ƙanƙara ce ko kuma yana can ƙarƙashin ƙasa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekara ta 2022 mutane fiye da miliyan dubu biyu ne ba su da ingantaccen ruwan sha a gidajensu.

Sai dai masana sun kasa matsalar gida biyu. Akwai inda ruwan ne kansa ya yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a tafkin Chadi, wanda ya ƙafe ƙwarai bayan fare na shekarun 1970 da 1980. Akwai kuma inda ruwa ke nan, amma babu hanyar kai shi ga jama'a. Matsalar Zariya ta fi kama da ta biyun.

Dogon jira

An gina madatsar ruwa ta Zariya a kan kogin Galma a 1975, amma yawan jama'a ya zarce abin da aka tanada. A 2008 gwamnatin Namadi Sambo ta ba da kwangilar sabuwar matatar ruwa mai iya tace lita miliyan 150 a kowace rana. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin madatsar Galma da ke Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau, yayin da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka suka ba da rance domin manyan bututu da tankuna da hanyoyin rarraba ruwan.

An ƙaddamar da matatar a 2017 a zamanin gwamna Nasir El-Rufa'i, sannan shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashi na biyu na aikin a 2019. Duk da haka koke-koken rashin ruwa ba su yanke ba, kuma gwamnatin Uba Sani da ta hau mulki a 2023 ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa a jihar Kaduna.

Dalili kuwa shi ne gina matata daban, tafiyar da ita daban. Injinan tura ruwa na buƙatar wutar lantarki a tsaye, ana buƙatar alam da kulorin kullum, sannan dole a biya ma'aikata. A cikin ganuwa kuma, inda lunguna ke da matsatsi, gyaran bututun da ya fashe ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ruwa bai zo ba, jama'a ba za su biya ba. Idan ba su biya ba, babu kuɗin gyara.

Rijiyar burtsatse

Masu hali sun koma haƙa rijiyoyin burtsatse, wasu kuma suna yi a matsayin sadaka mai gudana. To amma Zariya na zaune ne a kan dutse, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a tsagoginsa da kuma ƙasar da ke samansa. Yawan haƙa a wuri guda kan sa rijiyar maƙwabci ta ƙafe.

Rijiyar gida ma tana da nata hatsarin, domin inda gidaje suka cunkushe, tazarar da ke tsakaninta da shadda ba ta da yawa. Ta nan ne cututtuka irin su amai da gudawa da taifot ke samun ƙofa.

Talaka ne ke ɗaukar nauyin duka, domin mai sayen ruwa jarka-jarka yakan biya fiye da mai famfo a gida, kuma 'ya'yansa ne ke makara zuwa makaranta saboda layin ɗiban ruwa.

Ƙasashen duniya sun yi alkawarin samar wa kowa tsabtataccen ruwa nan da shekara ta 2030. A Ƙofar Galadima, za a auna cika wannan alkawari ne da yawan kwanakin da famfo ke kawo ruwa a cikin mako.