Malalar Mai A Teku Ba Ta San Iyakar Ƙasa Ba

Mutumin da ya tashi a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, yana iya zaton maganar teku ba ta shafe shi ba. Amma 'yan Arewa mazauna Ikko da Fatakwal da Warri sun san ba haka al'amarin yake ba. Riɗin da manoman Lafiya da Doma suke nomawa ta tashar Apapa yake fita ƙasashen waje, kuma ɗimbin 'yan dako da direbobi da fataken kifi daga albarkar wannan ruwa suke ciyar da iyalansu a gida.

Saboda haka duk abin da zai ɓata teku barazana ne ga tukunyar talaka. A watan Maris na 1978 jirgin dakon mai Amoco Cadiz ya fashe a gaɓar Faransa, ya zubar da ɗanyen mai fiye da tan 200,000. A watan Disamba na 2011 kuwa, kimanin ganga 40,000 ta malala a rijiyar Bonga ta Nijeriya lokacin da ake yi wa wani jirgi lodi, masunta suka yi kukan asarar kamunsu. Idan masunci ya rasa kamu, falken da ke kai bandar kifi kasuwa shi ma ya shiga uku.

Mai idan ya hau ruwa, iska da igiya ke jan ragamarsa. Abin da ya zuba a ruwan wata ƙasa yana iya wayar gari a gaɓar maƙwabciyarta. Wannan ne ya sa a 1981 ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka suka ƙulla Yarjejeniyar Abijan don kare tekunsu da taimakon juna idan haɗari ya auku. A 1990 kuma Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta fito da wata yarjejeniya wadda ta wajabta wa kowace ƙasa shirin ko-ta-kwana da sanar da maƙwabta nan take. Nijeriya ta kafa hukumar NOSDRA a 2006 domin wannan aiki.

To, amma sa hannu a takarda daban, cika alkawari daban. A 2020, da jirgin Wakashio ya tsiyayar da mai a tsibirin Morishiyos, sai da ƙasar ta nemi agajin Faransa da Indiya da Japan, domin kayan aikinta sun kasa.

Wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta wadata NOSDRA da NIMASA da jiragen sintiri da kayan tsane mai da ƙwararrun ma'aikata, ta riƙa atisaye tare da Binin da Kamaru da Gana, ta tsananta binciken tsofaffin jiragen da ke shigowa tashoshinta. Haka kuma ya kamata ƙungiyoyin fatake da sarakunan Hausawa na Kudu su matsa wa wakilansu a Majalisar Tarayya, domin diyya ta isa hannun ƙaramin ɗan kasuwa idan ɓarna ta faru. Ba a fafe gora ranar tafiya.