ƘURI'ARKA SHAIDA CE: DA WANE MA'AUNI ZA MU AUNA 'YAN TAKARAR MAJALISA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ga shi ana tunkarar zaɓen 2027, kuma mun san abin da ke biyo baya a nan Garki da sauran garuruwan Jihar Jigawa. Sahun gaba na masallatanmu zai cika da baƙin fuskoki masu manyan riguna, za a kawo tabarmi da butoci da janareto, a raba buhunan shinkafa da sunan taimakon addini. Kwanaki wani dattijo mai mutunci ya tare ni bayan sallar La'asar yana yaba mini wani mai neman kujera, ya ce: "Malam, ai wannan namu ne, Musulmi ne na ƙwarai, har masallaci ya gina." Na ce masa: "Baba, Allah Ya saka masa da alheri a kan masallacin. To amma cikin masu neman kujerar nan, wane ne ba namu ba?"

Nan matsalar take. A mazaɓar tarayya ta Babura da Garki, da mazaɓar Sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma, da kujerarmu ta Majalisar Dokoki da ke Dutse, kusan duk wanda zai fito takara Musulmi ne ɗan Musulmi. Saboda haka cewa "a zaɓi Musulmi" ba ta raba mana gardama. Muna bukatar ma'aunin da zai bambance mana tsakanin Musulmin da ya cancanta da wanda bai cancanta ba, kuma Shari'a ba ta bar mu babu wannan ma'auni ba.

Da farko ya kamata mu san matsayin ƙuri'a. Wanda ya dangwala wa mutum, to ya ba da shaida ne cewa wannan shi ya fi dacewa, kuma ya wakilta shi ya yi magana da yawunsa har shekara huɗu. Allah Maɗaukakin Sarki Ya gwama hani ga shaidar zur da hani ga bautar gumaka a aya ta 30 ta Suratul Hajji, Ya kuma umurce mu da mayar da amanoni ga masu su a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba shi ne tozarta amana, kuma yana cikin alamomin tashin Alƙiyama. Ashe ranar zaɓe rana ce ta hisabi ga mai zaɓe tun kafin ta zama ga wanda aka zaɓa.

Ma'aunin kuwa sharuɗɗa biyu ne: ƙarfi da amana. Su ne 'yar dattijon Madyana ta ambata game da Annabi Musa (A.S.) a aya ta 26 ta Suratul Ƙasas. Annabi Yusufu (A.S.) da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, da tsaro da sani ya kafa hujja. Ku duba kuma ƙissar Abu Zarri (R.A.) a cikin Sahihu Muslim. Babu mai shakkar imaninsa ko gudun duniyarsa, amma da ya nemi a ba shi mulki, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi saboda rauninsa, ya nuna masa cewa abin amana ne da zai zama nadama ranar Lahira ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya gina littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya a kan waɗannan rukunai biyu, ya bayyana cewa ƙarfi a kowane muƙami gwargwadon aikin muƙamin yake. Ƙarfin jagoran yaƙi daban, na alƙali daban.

To mene ne ƙarfin ɗan majalisa? Sai mun san aikinsa. Aikinsa uku ne a Tsarin Mulki na 1999: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe dukiyar jama'a. Wanda muka tura Abuja zai zauna cikin wakilai 360 ko sanatoci 109, wanda muka tura Dutse cikin mutum 30. A can ana kawo ƙudurori masu shafi ɗaruruwa da Turancin lauyoyi, ana yanke mafi yawan al'amura a ɗakunan kwamitoci. Wanda ba ya iya karanta ƙuduri ya gane inda aka ɓoye cuta, ko ya gane amma ba ya iya buɗe baki saboda tsoron ubangidansa na siyasa, wannan mai rauni ne ko da goshinsa ya yi baƙi da sujada.

Tarihi ya nuna mana muhimmancin waɗannan kujeru. A Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978 an yi zazzafar muhawara a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren. Ba a samu kotun ba, kuma har yau sashe na 277 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha ga abin da ya shafi aure da gado da wasiyya da waƙafi da makamantansu. Dokokin Shari'a da Zamfara ta fara a 1999, Jigawa ta bi sahu a 2000, ta hannun majalisun jihohi suka fito. Gyaran Tsarin Mulki kansa ba ya yiwuwa sai da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36.

Ga misali na kusa. A watan Oktoba na 2024 Shugaban Ƙasa ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyaran haraji. A cikinsu akwai shawarar ƙara harajin kayan masarufi, da raba kashi 60 cikin ɗari na rabon jihohi bisa inda aka samo kuɗin. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka nuna rashin amincewa, aka shafe watanni ana ja-in-ja. Da aka sa hannu a kan dokokin a watan Yuni na 2025, harajin ya tsaya a kashi 7.5, wancan kaso kuma ya sauko zuwa 30. Wannan magana ce ta albashin malamin firamare da maganin asibitin ƙauye a jiha irin tamu. Sai kowa ya tambayi wakilinsa: me ka ce a waɗancan watanni, kuma ina hannunka ya faɗa?

Saboda haka ina ba 'yan'uwa shawara, duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya, a karɓe shi da mutunci, a zaunar da shi gaban jama'a, a yi masa tambayoyi a kan abin da ya dame mu.

Na farko, ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata kason. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Shin ya san da waɗannan? Me zai yi domin tsangayu da Islamiyyun ƙasar Garki su ga amfaninsu?

Na biyu, lafiya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, har sunan garinmu ya shiga littattafan likitanci na duniya. Shekara hamsin ke nan, amma duk damina muna ɗaukar 'ya'yanmu zuwa maƙabarta saboda wannan cuta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shiga domin ƙananan asibitoci. Wa ke bin sawun wannan kuɗi daga Abuja zuwa asibitin mazaɓa?

Na uku, abinci da sana'a. Mu manoman gero da dawa da gyaɗa da riɗi da zoɓo ne, kuma Babura tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, 'yan kasuwarmu sun ji su a jikinsu. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a masarautun Ringim da Haɗeja. A watan Oktoba na 2024 gobarar tankar mai a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura maƙwabciyarmu, ta hallaka sama da mutum 150, Allah Ya jiƙansu. Ina ɗan takarar yake a waɗannan ranaku, kuma me ya nema a gyara domin kada a maimaita?

Na huɗu, addini da tarbiyya. Mene ne matsayinsa a kan hurumin kotunan Shari'a, da mu'amalar kuɗi marar riba, da haƙƙin 'ya'yanmu mata na sanya hijabi, wanda sai a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ga ɗaliban makarantun gwamnatin Legas? Wanda bai san inda aka kwana a waɗannan mas'aloli ba, yaya zai kare su?

Wannan duk ɓangaren ƙarfi ne. Amana kuwa ba a gane ta a bakin mutum, a tarihinsa ake ganin ta. In yana kan kujera, a nemi jerin ayyukan mazaɓa da aka sa a kasafin kuɗi da sunansa, a je a gani da ido ko rijiyar burtsatsen tana ba da ruwa, ko ajin yana da rufi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema a rubuce. In kuwa sabo ne, a tambayi waɗanda suka yi kasuwanci da shi, da maƙwabtansa, da waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa. Yana biyan bashi? Yana cika alkawari? Daga ina dukiyarsa ta fito? Mai tara matasa yana ba su ƙwaya da makami domin su yi masa banga ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Sai kuma maganar taliya da sabulu da atamfa da 'yan kuɗin da ake miƙawa a bakin rumfa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa daga cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a domin abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Mun san akwai yunwa, kuma ba ma raina halin da talaka ke ciki. Amma wanda ya sayi kujera da kuɗi fatauci ya fito, kuma daga kuɗin asibitinka da makarantar ɗanka zai mayar da uwar kuɗi da riba. Kada wani ya ce in ya saɓa sai mu yi masa kiranye. Sashe na 69 ya shar'anta sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar kafin a je ga ƙuri'ar raba gardama, kuma yunƙurin da aka yi a Kogi ta Yamma a 2018 tun a matakin tantance sa hannu ya rushe. Gyara tun ran gini ake yin sa.

Nasiha ta musamman ga 'yan'uwana malamai da limamai: mumbari gadon Annabawa ne. Malamin da ya karɓi mota ko kujerar Makka, sannan ya hau mumbari ya tsarkake wanda bai bincika ba, ya ɗauki nauyin duk wanda ya bi shi. Aikinmu mu koyar da ma'auni, mu shirya zaman tambayoyi ga dukkan 'yan takara ba tare da fifita jam'iyya ba, a rubuta alkawuransu a ajiye domin ranar tuni.

Wasu 'yan'uwa na cewa duk kanwar ja ce, gara a ƙaurace. Muna girmama kishinsu, amma kujerar ba za ta zauna babu kowa ba don mun ƙi fita, kuma dokar da za a yi za ta hau kanmu. Ƙa'idar malaman Usulu ita ce, in cuta biyu suka haɗu babu makawa, a ɗauki mafi sauƙi domin tunkuɗe mafi girma. In ba a samu cikakke ba, a zaɓi mafi kusa da ƙarfi da amana, ko da ba ɗan garinmu ba ne, ko da ba ɗan jam'iyyar iyayenmu ba ne.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya shugabantar mana da zaɓaɓɓunmu, kada Ya ɗora mana waɗanda ba sa tsoronSa kuma ba sa tausayinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.